Chuseok: Yadda gajeren hutun girbi ke tilasta wa mutanen Koriya ta Kudu zaɓen inda za su nufa

Chuseok, wanda ake furtawa Cusok, shi ne bikin girbi na al'ummar Koriya. Shi da Seollal, wato sabuwar shekarar gargajiya, su ne bukukuwa biyu da ke tayar da Koriya ta Kudu tsaye. Ana yin sa ne ranar 15 ga wata na takwas a kalandar gargajiya, daren da farin wata ke cika. Kalandar tana bin wata, amma ta sha bamban da ta Hijira, domin ana ƙara mata wata guda duk bayan shekara biyu ko uku, shi ya sa bikin ba ya zagaye shekara, kullum tsakanin Satumba da farkon Oktoba yake faɗowa. Doka ta ba shi kwana uku: jajibiri, ranar biki da washegari. Abin da ke sauyawa shi ne ranakun makon da kwana ukun suka faɗa a kai, kuma wannan ne ke yanke wa miliyoyin gidaje ko za su nufi garin iyaye, ko bakin teku, ko filin jirgin sama, ko kuwa su kulle ƙofa su zauna.

Lissafin kwanaki

A 1949, shekara guda bayan kafa Jamhuriyar Koriya, ranar bikin kaɗai gwamnati ta sa cikin jerin ranakun hutu. A 1986 aka ƙara washegari, a 1989 aka ƙara jajibiri. Daga 2014 kuma aka fara aiki da tsarin ramuwa: idan ɗaya daga cikin kwana ukun ya faɗo ranar Lahadi, ko ya haɗu da wani hutun gwamnati, sai a rama wa ma'aikata da rana guda bayan bikin. Asabar ba ta cikin wannan rangwame, kuma wannan ɗan gurbi da ke cikin doka shi ne yawanci ke haifar da shekarun gajeren hutu. A kalandar 2026 ranar bikin Juma'a ce, 25 ga Satumba. Hutun ya kama daga Alhamis zuwa Asabar, idan aka haɗa da Lahadi kwana huɗu ke nan, biyu daga ciki kuwa dama ba ranakun aiki ba ne ga ma'aikacin ofis. Haka ta kasance a 2019. A 2022 ma kwana huɗu aka samu, har da ranar ramuwar.

Akwai kuma shekarun da kalanda ke yin kyauta, wani lokaci da taimakon gwamnati. A 2017 gwamnatin Moon Jae-in ta ayyana 2 ga Oktoba a matsayin hutu na musamman, sai hutun ya miƙe daga 30 ga Satumba zuwa 9 ga Oktoba, kwana goma cur. Gwamnatin Yoon Suk Yeol ta yi irin haka a 2023, aka samu kwana shida. A 2025 kwana bakwai aka yi, domin bikin ya faɗo tsakanin ranar tunawa da kafuwar al'umma, 3 ga Oktoba, da ranar haruffan Hangul, 9 ga Oktoba.

Mai kwana goma yana iya gaida iyaye, ya ziyarci kabarin kakanni, ya tashi zuwa Turai, ya dawo da sauran hutu a hannu. Mai kwana huɗu dole ya bar wani abu. Jajibiri na tafiya ne da girki. Safiyar biki ta charye ce, hidimar da ake jera wa kakanni sabuwar shinkafa da 'ya'yan itatuwa da songpyeon, 'yan curin garin shinkafa da ake cusa wa riɗi ko wake a turara, ko da yake gidajen Kiristoci da yawa suna maye gurbin hidimar da addu'ar tunawa. Daga nan sai ziyarar kabari, sannan ma'aurata su wuce gidan iyayen matar. Wanda ya cika duk waɗannan, abin da zai rage masa bai wuce yini guda da rabi ba, kuma wani kaso na ciki a kan hanya zai ƙare.

Hanyar gida

Fiye da rabin mutanen ƙasar, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 51, suna zaune ne a Seoul da Incheon da lardin Gyeonggi da ke kewaye da su. Wannan gado ne na shekarun 1960 da 1970, lokacin da masana'antun zamanin Park Chung-hee suka kwashe matasan karkara zuwa birane, suka bar tsofaffi da kaburbura a kudu. Zumunci kuwa a ƙafa yake, saboda haka duk Chuseok sai rabin ƙasar ya nemi fita ta ƙofa ɗaya a lokaci guda.

Babbar hanyar Gyeongbu, wadda aka buɗe a Yulin 1970, ta haɗa Seoul da Busan, tafiyar sama da kilomita 400. A ranar da hanya ke sake, direba na cinye ta cikin kimanin awa huɗu da rabi. A lokacin biki takan kai awa takwas ko tara. Jirgin ƙasa mai tsananin gudu na KTX, wanda ya fara aiki a Afrilun 2004, yana yin ta cikin kimanin awa biyu da rabi, sai dai makonni kafin bikin ake buɗe sayar da tikitinsa ta intanet, ana fara wa da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, kuma kujerun lokutan da kowa ke so kan ƙare nan take. Tun daga Chuseok na 2017 gwamnati ke yafe kuɗin bin manyan hanyoyi a kwanakin bikin. An dakatar da yafiyar a lokacin korona don hana mutane tafiya, aka dawo da ita a 2022. Rangwame ne da jama'a ke so, amma yana ƙara tura motoci kan titin da dama ya cika.

Cunkoson yana da tsari da kowa ya sani. Kafin biki, hanyoyin fita daga Seoul ne ke toshewa. Bayan biki, na shiga. A ranar bikin kanta, duka ɓangarorin biyu. Saboda haka ne wasu iyalai suka juya al'adar: tsofaffin ne ke hawa jirgi su zo birni wurin 'ya'yansu, lokacin da kujerun da suka nufi Seoul ke da sauƙin samu. Wasu kuma tun mako biyu ko uku kafin biki suke zuwa su nome ciyawar kabari su yi gaisuwa, ko su biya ƙungiyoyin manoma su yi musu noman, domin su mallaki kwanakin hutun.

Ba cunkoso kaɗai ke sa mutane neman wata hanya ba. Wahalar bikin a kan mata take, musamman matan 'ya'ya maza, waɗanda kan wuni tsugune suna soye-soye a gidan surukai yayin da maza ke hira, har harshen Koriya ya samar da kalma ta musamman ga ciwon jiki da ɓacin ran da ke biyo bayan biki. A Satumbar 2022 cibiyar Sungkyunkwan, wadda ita ce madogara a kan al'adun Konfushiyas a ƙasar, ta fitar da sauƙaƙan tsarin teburin charye, ta ce abinci kala tara ya wadatar, kuma ba dole ba ne a yi suya. Ga matasa kuma, zaman gidan kawu zaman amsa tambayoyi ne: yaushe aiki, yaushe aure, yaushe haihuwa. A ƙasar da ma'aunin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidaje mutum guda ne a cikinsu, tambayoyin ba su da daɗin ji. Tikitin jirgi kan zama uzuri mai mutunci.

'Yan siyasa sun san darajar wannan taro. Suna ɗaukar hirar teburin Chuseok a matsayin ma'aunin ra'ayin jama'a, domin a nan ɗan birni da ɗan ƙauye, tsoho da yaro, ke haɗuwa su yi musu. A jajibiri shugabannin jam'iyyu kan fita tasha su yi wa matafiya sallama, kuma zaɓen tashar ma magana ce: masu ra'ayin mazan jiya sun fi zuwa tashar Seoul, inda jiragen kudu maso gabas ke tashi, 'yan jam'iyyar Dimokuraɗiyya kuwa sun fi zuwa Yongsan, mashigar yankin Honam da ke kudu maso yamma, inda suke da ƙarfi.

Cikin gida

Ga wanda ya zaɓi yawon buɗe ido bai bar ƙasar ba, sunan da ke fara zuwa shi ne Jeju, tsibirin da ke kudu, mai dutsen Hallasan da ya fi kowane tsawo a Koriya ta Kudu. Daga filin jirgin Gimpo tafiyar kimanin awa guda ce, kuma wannan layi ya daɗe yana kan gaba a duniya wajen yawan fasinja. Jeju na da abin da ya wuce bakin teku. Wurin tunawa da kisan da ya biyo bayan boren 3 ga Afrilun 1948, inda aka hallaka dubban mazauna tsibirin, yana nan kusa da babban birninsa. Amma a 'yan shekarun nan tsibirin ya yi ƙaurin suna wajen tsada, har ya zama abin faɗa cewa da kuɗin Jeju gara mutum ya tafi Japan. Yawan 'yan ƙasa masu ziyartarsa ya ragu a 2023, ya sake raguwa a 2024.

Gyeongju, tsohuwar hedikwatar daular Silla wadda ta ƙare a shekarar 935, ta fi dacewa da gajeren hutu fiye da yadda ake ba ta daraja. Awa biyu da 'yan mintuna ce a KTX daga Seoul, manyan tuddan kaburburan sarakuna suna tsakiyar gari inda ake zagaya su da ƙafa ko keke, wurin ibadar Bulguksa da kogon Seokguram kuma suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1995. Bikin kansa yana da tushe a nan. Littafin tarihi na Samguk Sagi, wanda aka kammala a 1145, ya kawo cewa a zamanin Sarki Yuri ana raba matan birnin gida biyu su yi gasar saƙa ta wata guda, ranar 15 ga wata na takwas a duba aiki, waɗanda aka kayar su ciyar da waɗanda suka ci. Gangneung da ke gaɓar gabas ita ma ta matso kusa tun da aka buɗe layin KTX a Disambar 2017, gab da wasannin Olamfik na hunturu na Pyeongchang. Andong da ƙauyen Hahoe, da Jeonju mai unguwar tsofaffin gidaje, suna jan masu son ganin bikin a kamanninsa na da. Mai neman jajayen ganyen kaka a dutsen Seoraksan kuwa zai sha kunya idan bikin ya faɗo a Satumba, domin sai tsakiyar Oktoba launin ke kankama.

Zaɓin da ya fi araha shi ne zama a Seoul. Birnin kan yi sauƙi, manyan fadojin daular Joseon irin su Gyeongbokgung da Deoksugung sukan buɗe kyauta a kwanakin bikin, otal-otal kuma sukan tallata kwana ɗaya ko biyu ga mazauna gari da ke son hutu ba tare da tafiya ba. Aibinsa shi ne ƙananan gidajen abinci da shaguna da yawa suna rufewa a ranar bikin.

Duk wani shiri da ya dogara da jirgin sama ko na ruwa yana da abokin gaba guda, wato mahaukaciyar guguwar teku, wadda Satumba ke cikin lokacinta. Guguwar Sarah ta afka wa kudancin ƙasar a ranar Chuseok ta 1959, ta kashe ɗaruruwan mutane. Maemi ta sauka ranar 12 ga Satumbar 2003, washegarin biki, ta kayar da manyan injinan ɗaga kaya a tashar jiragen ruwan Busan, ta kashe sama da mutum 100. Hinnamnor ta cika Pohang da ruwa kwana huɗu kafin bikin 2022. Jeju da ƙananan tsibirai irin su Ulleungdo ne ke fara yankewa. A dogon hutu, jinkirin kwana guda ɓacin rai ne kawai. A hutun kwana huɗu yana iya sa ma'aikaci ya wayi garin Litinin a tsibiri, ofis na jiran sa.

Ƙetare

Shekarar da Chuseok ya zama kwana uku, 1989, ita ce kuma shekarar da aka sakar wa talakan Koriya ta Kudu mara ya fita ƙasar waje yawon buɗe ido. Kafin nan fasfo na 'yan kasuwa ne da ɗalibai da jami'ai. Ko da aka fara sassautawa a 1983, sai wanda ya kai shekara 50 kuma ya ajiye kuɗi a banki. A 2019 an ƙirga fita ƙasar waje sau miliyan 28.7, adadin da aka sake kaiwa kusa da shi a 2024.

Gajeren hutu yana rage taswirar zuwa inda jirgi ke kaiwa cikin awa biyu ko uku. Daga Incheon, Fukuoka ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, Osaka kusan awa biyu, Tokyo da Taipei kimanin biyu da rabi. Daga Busan, jirgin ruwa na kaiwa tsibirin Tsushima na Japan cikin awa guda da 'yan mintuna. Da Nang ta Biyetnam, wadda 'yan Koriya suka cika har suna yi mata ba'a da cewa wani gari ne a lardin Gyeonggi, tana cin kusan awa biyar, kuma damina ke kamawa a can a daidai wannan lokaci. Ita ce iyakar abin da kwana huɗu ke ɗauka.

Japan ce ta fi kusa, kuma ita ce zaɓin da siyasa ta fi shiga. A ƙarshen 2018 Kotun Ƙolin Koriya ta Kudu ta umarci kamfanonin Japan su biya diyya ga waɗanda aka yi wa aikin tilas a zamanin mulkin mallaka na 1910 zuwa 1945. A Yulin 2019 Tokyo ta tsaurara fitar da wasu sinadarai uku da masana'antun lantarki na Koriya ke dogara da su. Jama'a suka mayar da martani da ƙaurace wa kayan Japan da tafiya can. Chuseok na wannan shekara gajere ne, irin wanda a da kan cika jiragen Fukuoka da Osaka, amma a watan Satumbar yawan 'yan Koriya da suka shiga Japan ya faɗi da fiye da rabi. Adadin shekara ya sauka daga miliyan 7.5 a 2018 zuwa kusan miliyan 5.6. Tsushima, tsibiri mai mutum kimanin dubu 30 da ya karɓi baƙin Koriya sama da dubu 400 a 2018, ya ga otal-otal da shagunansa sun koma wayam. Bayan korona al'amarin ya juya. An dawo da shiga ba biza a Oktobar 2022, Yoon ya je Tokyo a Maris ɗin 2023 ya sasanta da Firaminista Fumio Kishida, darajar yen ta faɗi har yen 100 ta gaza won 900, sai ga 'yan Koriya miliyan 8.8 a Japan a 2024. Rigimar tarihin ba ta mutu ba, amma ta daina hana sayen tikiti.

Sin ta shigo lissafi a Nuwambar 2024, lokacin da Beijing ta cire wa 'yan Koriya ta Kudu buƙatar biza don gajeriyar ziyara. Shanghai awa biyu ce, Qingdao ba ta kai haka ba. Sai dai Sin da Taiwan suna nasu bikin tsakiyar kaka a rana ɗaya da Chuseok, kuma idan bikin ya matsa zuwa Oktoba yakan haɗu da hutun mako guda na ranar ƙasa ta Sin, inda matafiyi zai gudu daga cunkoso ya faɗa wanda ya fi shi.

Lissafin gwamnati, da waɗanda ba a tambaya

Inda ɗan ƙasa ya kashe kuɗin hutunsa ya zama batun manufa. Koriya ta Kudu ta daɗe tana kashewa a waje fiye da abin da baƙi ke kawo mata, giɓin ya haura dala biliyan 10 a 2023 da kuma 2024. A ɗaya gefen, a 2021 ma'aikatar cikin gida ta ayyana ƙananan hukumomi 89 a matsayin yankunan da jama'arsu ke ƙarewa, kuma irin waɗannan garuruwa ne suka fi buƙatar baƙon biki. Gwamnatoci kan raba takardun rangwamen otal da ke aiki a wajen yankin Seoul, kuma hujjar da ake bayarwa duk lokacin da aka ƙara hutu na musamman ita ce farfaɗo da kasuwar cikin gida. Hujjar tana da rauni. Da aka ƙara 27 ga Janairun 2025 a kan hutun Seollal, kusan mutum miliyan uku ne suka fita ƙasar a wannan wata. Ƙarin kwana yana faɗaɗa taswira ne, kuma mai hali kan bi ta har waje. Idan mai gidan abinci a Andong ko Gangneung zai yi zaɓi, da wuya ya ƙi gajeren hutu.

Ba kowa ne ma ke da hutun ba. Tsakanin 2020 da 2022 ne aka wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu biyan albashin ranakun hutun gwamnati, daga manya zuwa ƙanana, amma wuraren aiki masu ƙasa da mutum biyar suna wajen wannan tanadi, kuma miliyoyin ma'aikata ne a cikinsu. Masu kai kaya gida-gida sun fi shan wahala a makonnin da ke gaban biki, lokacin da akwatunan kyauta ke ninkuwa. Baƙin ma'aikata daga Nepal, Kambodiya, Biyetnam da sauransu, waɗanda ke riƙe da gonaki da ƙananan masana'antu, sukan wuce kwanakin a masaukinsu ko a taron 'yan ƙasarsu, domin kwana huɗu ba sa kai su gida.

Akwai kuma waɗanda suka san sarai inda suke son zuwa, amma hanya a rufe take. Su ne tsofaffin da yaƙin 1950 zuwa 1953 ya raba da garuruwansu a Arewa. Kimanin mutum dubu 134 ne suka yi rajista da gwamnati suna neman ganin danginsu, kuma mafi yawansu sun riga sun rasu. Ziyarar dutsen Kumgang, wadda aka fara a 1998, ta tsaya a 2008 bayan sojan Arewa ya harbe wata 'yar yawon buɗe ido, haɗuwar iyalai ta ƙarshe kuma a Agustan 2018 aka yi ta. A 2023 gwamnati ta ware ranar 13 ga wata na takwas, kwana biyu kafin Chuseok, don tunawa da iyalan da aka raba. A safiyar bikin, waɗanda ke da sauran ƙarfi sukan taru a Imjingak da ke Paju, 'yan kilomitoci daga kan iyaka, tafiyar kimanin awa guda daga Seoul. A can akwai wani dandamali da ake kira Mangbaedan, inda suke jera shinkafa da 'ya'yan itatuwa, su fuskanci arewa su yi gaisuwa.